Jinjina Ga Masu Rabon Duniya

Sannunku da aiki, masu rabon duniya. Duk wanda ya san Safo da ƙauyukanta na bakin Gulbin Maraɗi dole ya sara muku, don kun tabbatar ba wata wahala da ta wuce manomin nan ba ta yada zango a gidansa ba.

Gaisuwa ta farko ga Turawan Faransa da Ingila, da suka ja iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi ba tare da sun wahalar da baƙar fata da tambaya ba. Albarkacinsu kan gulbin ya faɗa Najeriya, masu jiran ruwan suka faɗa Nijar. Da aka gina madatsar Jibiya sai ambaliyar da ke jiƙa fadama ta ragu, manomi ya huta da noman rani. Wanda ke da kuɗin injin ban ruwa ya ci gaba da shuka. Wanda ba shi da shi ya jinginar da gonar, ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Mata kuwa, da gonaki suka ƙuntata, su aka fara sauke wa nauyin mallakar gamana, wato 'yar gonar kansu. Madalla da wannan tausayi.

Kada mu manta da kasuwa, uwar adalci. A 2005 hatsi na jibge a kasuwannin Maraɗi, kuɗin tiya ya fi ƙarfin wanda ya noma shi, yara na kwance da tamowa a sansanonin likitocin MSF. Aka ja ƙafa wajen rabon abinci kyauta don kada a ɓata farashi. Farashin kam ya tsira lafiya lau. A tambayi uwayen yaran sauran labarin.

A Tibiri, nan kusa, an shekara sama da goma daga 1985 ana shayar da gari ruwan famfo mai sinadarin fuloraid fiye da ƙima, har yara da yawa suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa. Ai kun yi dabara da kuka bar abin a can. Da 'ya'yan Paris ne, ko na manyan Yamai, wa zai iya da surutu?

Yuraniyom ɗin Arlit, daga 1971, ya yi shekaru da dama yana haska Faransa, ɗan makarantar ƙauye a Madarunfa na bitar karatu da tocila. Hayaƙin masana'antu ma kun rarraba shi da kyau: riba can, zafi nan. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidajen ƙasa, ya shafi mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, jihar Maraɗi na sahun gaba.

Sai ku ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma iyaka da madatsa da farashi da famfo duk mutum ne ya sa musu hannu, kuma kowane karo talakan ƙauye baƙar fata aka zaɓa ya biya. Mutanen Safo na binku bashi, kuma sun san sunayenku.