Kumbon Kara

A Amurka, tun 1977 ake wasan Traveller: magidanta da gemunsu su kewaye tebur, suna jefa ɗan lido, suna zana kumbon da ba zai taɓa tashi ba. Yanzu har manhajar kwamfuta aka yi musu, tana lissafa nauyin inji da tankin mai. Ikon Allah!

Mu nan Magarya da Dungas, kaka na yi, yaro da reza da karan dawa ya gama. Ya fere, ya sossoka, baki ne inji. Ba caji, ba ruwansa da ɗauke wuta.

Sai dai jiya akuyar maƙwabta ta cinye kumbon autana, har da matuƙin.