Masu Alheri Iri-iri

Da an ga watan azumi sai masu alheri su fito kamar shinge bayan ruwan farko.

Ga Alhajin gidauniya. A taron ginin masallaci shi ke karɓar lasifika ya ce ya ba da miliyan biyar, wuri ya kaure da kabbara. Daga nan takalman 'yan kwamiti za su ƙare a hanyar gidansa, kullum maigadi na cewa, "Ai Alhaji ya tafi Umara." Ga Honarabul, mai tausayin da ke motsawa duk bayan shekara huɗu, hotonsa a jikin buhu ya fi shinkafar ciki auki. Mai gori kuwa, rigar da ya ba ka tun zamanin Abacha, har gobe in kun haɗu sai ya tambayi lafiyarta.

Gwanina dai shi ne mai kyamara. Katan ɗaya na taliya zai kai gidan marayu, amma da mota uku za a je. A jera yara a rana, a ce su ɗaga hannu su yi addu'a. Ya miƙa katan, ya riƙe gam, shi bai saki ba, yaro bai karɓa ba, har sai mai hoto ya ce ya yi. In hularsa ta karkace, a karɓe taliyar a sake miƙawa. "Baba, ɗan ƙara nuna damuwa," in ji shi ga wani dattijo da ya kuskura ya yi murmushi. Kafin a sha ruwa abin ya hau Facebook, an rubuta a ƙasa: don Allah muka yi, ba don a gani ba. (Ni ma dai, in asusun Juma'a ya iso gabana, ɗari biyun da ta yage a dunƙule nake jefa ta, amma in dubu ce sai na tsaya na warware ta sosai.)

Wanda ba ya ba ni dariya shi ne mai tara talakawa a ƙofar gida don rabon zakka. Ɗaya bisa arba'in ɗin nan haƙƙinsu ne, ba kyautarsa ba, kuma Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, ga masu unguwa da limamai da suka san gidan kowace bazawara mai marayu. Amma a'a, sai an yi shela, mata da goyo su yini a rana, masu gadi na zuba musu bulala, domin unguwa ta san Alhaji ya fitar. A Bauchi, cikin azumin 2024, mata sun rasa rayukansu a turmutsitsin irin wannan rabo, sun bar tukwane a gida suna jiran abin buɗa baki.