Jakar da Ta Je Biki Ajingi

A gidana na Gaya ba a zubar da komai. Murfin da tukunyarsa ta huje, cajar da wayarta ta ɓata tuntuni, takalmi wari ɗaya, duk suna ƙarƙashin gado suna jiran ranar amfaninsu. In uwargida ta yi ƙorafi, sai in tuna mata maƙeran garin nan ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya sare macijiyar Daura, jikan maƙeri kuwa ba ya raina ƙarfe. Takan ce, "Malam, wuƙa suka ƙera masa, ba su tara masa kunamu ba."

Na je wa kafinta da maganar kabad. Da ya faɗi kuɗin, na tambaye shi ko har da ginin ɗakin. Ranar Juma'a sai kasuwar Wudil, na jido Gana-mas-go, jakar nan da ta samu suna a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu. Abin da ya kwashe gidan mutum zuwa Gana ai ba zai gaza da tarkacena ba.

Kafin la'asar ɗaki ya zama fes, jakunkuna jere a jikin bango. Uwargida ta ce in rubuta wa kowace abin da ke cikinta. Na ce kaina ne rajista. Duk kuwa zanensu ɗaya, kamar 'yan anko.

Bikin ƙanwarta ya taso a Ajingi. Ta haɗa gudummawa, atamfofi da kwanukan samira, ta zuge a jaka, ta yi gaba. Ni na ɗora wa ɗan acaɓa kayan da hannuna, har ina ja masa kunne kan gargada.

A tsakar gida aka buɗe, gaban dangin ango, mai guɗa ta riga ta kama hanci. Wai murafai ne suka fara fitowa, sai rariyar da ta yage, sai kan fitilar ƙwai. Wata gwaggo ta ɗaga takalmin ta tambaya ko angon ƙafarsa ɗaya.

Washegari ɗan acaɓan ya dawo da jakata, da wasu biyu ɗaure a bayansa, ƙarafa na ƙara.

"Inna ta ce a gaishe ka. Ba ta san ka fara jari-bola ba, da tuni ta aiko. Ta ce ka auna, kuɗin kilon ka ba ni in kai mata."