Wasiƙar Kuɗin Fakin a Ingila: Ka Iya Bakinka

Ka shiga babban kanti a Ingila sayen tumatir, ka ci karo da ɗan garinku, gaisuwa ta kai har ga lafiyar awakin gida. Bayan mako guda sai ga wasiƙa ta ramin ƙofa: ga hoton motarka tana shiga, ga shi tana fita, ana neman fam 100, ko 60 in ka biya cikin kwana 14.

Sha ruwa tukuna. Wannan ba tarar hukuma ba ce. Kamfani ne mai zaman kansa ya ba hukumar rajistar motoci ta DVLA fam biyu da rabi ya karɓi adireshinka, yana cewa direba ya saɓa sharaɗin da ke kan allon wurin fakin. Direba fa. Kai kuwa iyakar abin da suka sani shi ne motar da sunanka aka yi mata rajista.

To, nan ne ake azumin baki. Kada ka buga musu waya kana rantse-rantse. Rubuta musu cikin kwana 28, ka ce kai ne mai rajistar motar, ka tsaya nan. Da zarar ka rubuta "wallahi 'yan mintoci kawai na ƙara", baki ya yanka wuya. Ba a ce ka yi ƙarya ba. Doka ce ba ta tilasta maka faɗin wanda ya tuƙa ba.

Sai ka ɗauko kalanda ka ƙirga kwanaki kamar uwar adashe. Wata dokar 2012 ta yarda su bi mai rajista kuɗin a Ingila da Wales, amma in kyamara ce ta kama motar, dole wasiƙar ta iso cikin kwana 14. Ta makara? Faɗa musu. Koma wurin ka ɗauki hoton allon, musamman in reshen bishiya ya rufe shi. Akwai kuma rangwamen minti 10 bayan cikar lokaci.

In sun ƙi, ɗaukaka ƙara kyauta ne: POPLA ga kamfanonin ƙungiyar BPA, IAS ga na IPC.

Kada dai ka tura wasiƙar ƙarƙashin katifa, kuɗin nan ana cinsu a kotu. A 2015 Barry Beavis, mai shagon soyayyen kifi da dankali, ya kai maganar fam 85 har Kotun Ƙolin Birtaniya, aka kayar da shi. In takardar kotu ta zo, ka amsa cikin kwana 14.