Zuwa Ga Bazazzagen Da Ya Sayi Tera Biyu A Kuɗin Tsire

Malam Bazazzage, bawan Kanawa, gaisuwa da jaje. Na so in yi shiru, amma labarinka ya riga ya iso Kano, kuma wanda ya kawo shi bai rage komai a hanya ba. An ce ka daina cin tuwo, kana zaune gaban laftof ka zabga tagumi, wai kundin digirinka na uku da hotunan bikin 'yarka sun shige filash sun ƙi fitowa. An ce har ka fara yaɗa cewa Kanawa ne suka cuce ka, don yaron da ya sayar maka a tasha da harshen Kano yake magana. To, gyara zama mu yi lissafi.

Filash mai tera biyu, a naira dubu huɗu, har ka nemi ragi aka yi maka. Ku da kuke cika mana baki cewa jami'a a ƙofar gidanku take, kowane lungu da farfesansa, ba a samu ko mutum ɗaya daga Samaru zuwa Kongo da zai ja ka gefe ya ce maka araha ba ta ado ba? Lokacin da kamfanin Kingston ya fito da filash mai tera biyu a 2017, kuɗinsa ya haura dala 1,000. Farashi ya sauko tun daga nan, na yarda, amma bai sauko har ya zo daidai da kuɗin tsire ba. Yaron shago a Kantin Kwari da ya ji wannan farashin, mayar da hannunsa aljihu zai yi ya wuce.

Bari ubangidanka ya karantar da kai, tunda boko bai yi ba. Abu biyu ne a cikin kowane filash: guntun da ke riƙe bayanai, da wani ɗan ƙarami mai kula da shige da fice, wanda shi ne ke gaya wa kwamfuta yawan wurin da ake da shi. Wannan na biyun masu jabu suke koya wa ƙarya. Sai su ɗauki mai giga 8 ko 16, su sa shi ya riƙa rantsuwa cewa tera biyu ne. Kwamfuta ba ta bincike, abin da aka faɗa mata shi take nuna maka. Kayan da ka fara zubawa sai su zauna lafiya lau. Da wurin gaskiya ya cika, na baya ko dai su bi iska, ko su hau kan na farko su shafe su. Sunayen fayil kuwa suna nan reras, kowanne da girmansa, shi ya sa ka yi wata da watanni kana buɗe folda kana murmushi, har ranar da ka danna babi na huɗu. Kada ka ƙara asara a kan asara wajen masu cewa za su dawo maka da komai. Mai yiwuwa su tsamo ɗan abin da ya samu gurbi a cikin giga 8 ɗin nan. Abin da ba a taɓa rubutawa ba, babu mai dawo da shi ko daga Caina ya zo.

Abin takaicin, gano jabun ba ya cin ko kwabo. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw, wadda wani ma'aikacin mujallar kwamfuta ta c't a Jamus ya rubuta. Cika filash take yi dam da bayanai, sannan ta dawo ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ta gaya maka nawa ne na gaske. Masu Linux da Mac suna da F3. Idan gaggawa kake, irin taku ta masu lacca ƙarfe takwas, ValiDrive da ta fito a 2023 tana taɓa wurare daban-daban ta ba ka amsa cikin ɗan lokaci. Ana gwajin ne yana sabo, kafin a zuba masa komai. Amma don Allah kada ka je ka kama wuyan mai shago saboda filash mai giga 64 ya nuna 58 ko 59. Wannan ba cuta ba ce: kamfani da 1,000 yake lissafi, Windows da 1,024, ga kuma ɗan wurin da tsarin ajiya ke ci. Na san halinku, za ka iya rubuta takardar koke mai shafi shida a kan wannan.

Yanzu ga inda na fi jin haushinka, kuma nan babu hannun wani Bakano. An ce da ka zuba kundin a filash, sai ka goge na kan laftof, wai don ta samu sarari. Wato kwashewa ka yi, ba kwafi ba. To ko filash ɗin daga hannun mai kamfanin SanDisk ka karɓo shi, ka riga ka kwana a bakin rijiya. Filash ɗan aike ne, ba ma'aji ba. Ka ba shi saƙo ya kai wancan ofis ya dawo, shi ke nan aikinsa. Bayanan da ke cikinsa cajin lantarki ne ɗan mitsitsi da aka tsare a cikin ƙananan gurabe, kuma a hankali yake zurarewa, zafi na ƙara masa sauri. Kai kuwa a gaban mota kake barin naka cikin ranar Afrilu. Kowane gurbi yana da iyakar sau nawa za a rubuta a goge kafin ya gaji. Ƙara da fizge shi da kake yi ana tsakiyar rubutu, da wankin da Hajiya ta yi masa a aljihun kaftani, da yawon shagunan buga takardu inda ake kwaso cutar nan mai ɓoye folda ta bar maka gajerun hanyoyi marasa kai ko'ina. Tun 2000 da aka fara sayar da shi, lokacin da mai mega 8 abin nunawa ne, ba a taɓa ƙera shi don ya zama wurin ajiya tilo ba.

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yayata ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a nesa da gida. Na kan laftof ɗaya ne. Na biyu a babban faifan ajiya na waje, wanda za ka jona ka kwafa ka cire, kada ka bar shi a maƙale, don wutar da ta dawo da ƙarfi ko cutar da ta kulle laftof ba za ta tambayi wanne ne na ajiya ba. Na uku a intanet. Google na ba da giga 15 kyauta, sai dai Gmail da hotuna duk daga ciki suke ci, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki ake lissafa ta, don haka bidiyon wa'azi da na barkwanci da zaurukanku ke turowa su ne za su cinye wurin kundin. Kundin nan fa, in ba hotuna ne suka yi masa yawa ba, ko mega 50 da wuya ya kai. Da ka riƙa aika wa kanka shi ta imel duk Juma'a, da yau kana cin tuwonka. Ka kuma kula da foldar da ke daidaita kanta da intanet: ka goge a nan, ta goge a can, sai dai ka bi kwandon shara kafin wa'adinsa ya cika.

Kuma a riƙa buɗe ajiya ana dubawa. A 1998 wani a kamfanin Pixar ya ba kwamfuta umarnin da ya shafe mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 ana tsakiyar aikinsa. Suka garzaya wurin ajiyarsu, ashe ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su, wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, ta haihu tana aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. Ka ga su mai jego ce ta fitar da su kunya. Kai wa kake da shi? Ɗalibin da ka hana maki?

Saura guda. An ce a filash ɗin har da hoton takardar filinka da katin ɗan ƙasa da takardun banki. A Yunin 2022, a birnin Amagasaki na Japan, wani ma'aikacin kwangila ya sha ya yi tatul, ya kwana a titi, ya farka babu jakarsa, a cikinta kuwa da filash mai bayanan mutum sama da 460,000, wato duk mazauna garin. Abin da ya rage musu zafin abin shi ne an kulle bayanan da kalmar sirri, daga baya kuma aka tsinci jakar. Kai ba ka sha, alhamdu lillahi, amma mantuwarka a majalisar shayi ta isa. VeraCrypt kyauta ce, wasu nau'o'in Windows kuma suna zuwa da BitLocker. Ka kulle, amma kada kalmar sirrin ta zama "Zazzau1", don ita ɓarawo zai fara gwadawa da ya ga hularka.

Idan ka tashi sayen na gaske, kada ka aiko yaro. Ka hau mota da kanka ka zo Kano, tafiyar ba ta kai a yi mata guzuri ba. Mai giga 64 guda biyu na kamfani sananne, mai shuɗin harshe don ya yi sauri, da faifan waje guda, a shagon da ke ba da rasit. Ka taho da laftof mu gwada su a gaban mai shago. Ka kuma haɗo da kuɗin sharar bara da ka danne, da na bana, tunda ladan wannan karatun ban sa maka a lissafi ba tukuna.