Wasiƙa daga Manchester: Wa da Ƙane Sun Shirya

Manchester, ƙarshen Yuli 2025

Zuwa ga bawana, ɗan Gwaggo,

Ya damina? Ya kuma haƙurin Manchester United? Tun watan Mayu na so in yi maka jaje, da kuka ƙare a na 15 a tebur, Tottenham kuma ta ɗauke kofin Europa a kan idonku a Bilbao, sai na ce bari in ƙyale ka ka fita takaba tukuna.

Ran nan kana ta tambayata a waya wane biki ake yi da hayaniya ta hana ka jin maganata. To gyara zama ka sha labari. Wasu mawaƙa ne, wa da ƙane, Noel da Liam Gallagher, suka shirya bayan doguwar gaba, garin nan kuma ya kusa tashi sama don murna. Sunan ƙungiyarsu Oasis, kiɗan rok suke yi, na jita da ganga mai ƙara. 'Yan unguwar Burnage ne a kudancin Manchester, 'ya'yan talakawa, iyayensu daga Ailan suka zo ci-rani irin namu, uwar kuma ita ta yi ɗawainiyarsu. A 1991 aka kafa ƙungiyar, faifansu na farko ya fito a 1994, kafin ka ce kwabo sun gagari kowa a Ingila. A 1996 sun tara mutum 250,000 cikin dare biyu a Knebworth, waɗanda suka nemi tikiti kuwa sun kai miliyan biyu da rabi.

Wan shi ke rubuta waƙoƙin, ƙanen shi ke da murya, shi ke kuma da baki. Wallahi bakin Liam ya fi naka kaifi, kai da unguwa ta sallama maka. Suna waƙa suna faɗa har ranar 28 ga Agusta 2009, a birnin Paris, ana dab da hawa dandamali, rikici ya kaure a bayan fage, aka fasa jita, Noel ya kama gabansa ya ce ba zai ƙara kwana ɗaya yana aiki da ƙanensa ba. Daga nan kowa ya kafa tasa ƙungiya, sai habaici a jarida da intanet. Ƙanen ya riƙa saka hoton wansa a Twitter yana kiransa dankali. Mutum mai 'ya'ya, mai furfura, a ce masa dankali a gaban duniya! Da a gidanmu ne, da Kawu ya tara mu a zaure kafin la'asar.

Bara, ranar 27 ga Agusta, aka sanar sun shirya za su zaga duniya. Ranar sayar da tikiti kuwa, duk wanda na ɗauka a tasi idonsa na kan waya, wani ya ce min akwai mutum dubu ɗari da wani abu a gabansa a layin intanet. Wasu sun wuni suna jira, da layi ya zo kansu sai suka tarar tikitin tsayuwa na kusan fam 150 ya koma fam 355, wai farashi na bin yawan masu nema. Ka lissafa, ya haura naira 700,000, kuma a tsaye za ka yi kallon, ko benci babu. Abin ya yi wa mutane ciwo, kuma da gaskiyarsu, don masoyan mawaƙan nan yawancinsu leburori ne da direbobi da ma'aikatan kanti. Sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe bincike kan kamfanin Ticketmaster. Amma fa ana zagi ana biya, tikiti bai kwana ba.

A Cardiff suka fara ranar 4 ga wannan wata, suka fito hannunsu cikin na juna, a ɗage sama. Da sati ya zagayo suka iso gida, filin Heaton Park, dare biyar, kowane dare mutum 80,000. Ka san muna Cheetham Hill, a kan hanyar filin, don haka duk ayarin ta ƙofarmu ya bi. Ban taɓa ganin malafar yadi da yawa haka ba. Tsoho da malafa, jariri a keken turawa da malafa, har kare na gani an ɗaura masa. Ƙarti masu tumbi sun tono rigunan Adidas na zamanin samartaka, riga na kuka, su suna dariya. An yi rana a kwanakin farko, ma'auni ya kai wajen 30, Turawa suka yi jawur, shi kuwa Liam ya hau dandamali da ƙatuwar rigar sanyi zuge har wuya, ya goya hannu a baya, ya ɗaga haɓa yana waƙa, yadda ya saba tun yana saurayi.

Ga wanda zai ƙona maka rai. 'Yan Manchester City ne na gani-kashe-ni, su biyun. Hoton kocin City, Guardiola, na kwali, tsawon mutum, suka kafa a kan dandamali. Akwai kuma inda Liam ke sa jama'a su juya wa dandamali baya, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi a yi ta tsalle, yadda magoya bayan City ke yi in an ci ƙwallo. 'Yan United da suka biya kuɗinsu haka suka juya suka yi tsallen nan. Da kana wurin da ka yi, na san ka, ba ka iya ganin ana rawa ka tsaya.

Wani dare na ɗauko wani mutum da ɗansa bayan an tashi. Uban zai yi hamsin da 'yan kai, mai aikin haɗa famfo ne, hannunsa duk kanta, rigarsa sharkaf da giyar da ake watsawa sama in waƙa ta yi daɗi, sai da na shimfiɗa masa leda a kujera. Murya ta dushe, da kyar ya faɗa min unguwarsu. Muna cikin tafiya sai na hango shi ta madubi ya cire malafa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Yaron, ɗan shekara kamar goma sha bakwai, ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗora hannu a wuyan ubansa ya bar shi a nan. Da uban ya natsa ya ce min da wansa suka fara zuwa kallon Oasis, wan ya rasu, tikitin na biyu kuma ɗansa ya saya wa. Ka tuna yadda Kawu ke yin shiru in an sako Shata a rediyo, ya daina jan carbi, ya ƙura wa ƙasa ido? Haka fuskar mutumin nan take. Na rage gudu, na kashe rediyo, har muka kai ƙofar gidansa ba wanda ya ƙara magana.

Waɗanda ba su samu tikiti ba kuwa ba su haƙura ba. Akwai wani tudu a cikin filin da ake hango allunan majigi daga nesa, suka mamaye shi, suka raɗa masa suna Tudun Gallagher. Hukumar gari ta zo ta kafa shingen ƙarfe ta tare kallon, suka ce ai kunne ba a yi masa shinge, suka dawo da 'ya'yansu da barguna. Ni ma na ajiye mota na tsaya daga waje. Da aka zo waƙar da ake kira Don't Look Back in Anger, jama'a suka karɓe ta gaba ɗaya, na ciki da na waje, tsigar jikina ta tashi. Waƙar tana da tarihi a garin nan. Bayan harin bam na Manchester Arena ranar 22 ga Mayu 2017, wanda ya ci rai 22, da yawansu yara, daren da direbobin tasi suka kashe mita suka yi ta kai mutane gida kyauta, jama'a sun taru a dandalin St Ann's, aka yi shiru na minti ɗaya, sai wata mata ta ɗauko waƙar nan, taro ya amsa. A wasan tara gudummawa da aka yi bayan nan Liam ya zo, Noel bai zo ba, mutane suka ji zafin cewa ko wannan musiba ba ta haɗa su ba. Shi ya sa riƙe hannun nan na bana ya sa manya kuka. Masu cewa kuɗi ne ya shirya su suna nan, kuma kuɗin an samu, ba ƙarya. Ni dai na yi murna har zuciyata, don uwarsu tana raye, ta haura tamanin, ta ga wannan rana da idonta.

Yanzu sun wuce Wembley a Landan, daga nan Edinburgh da Dublin, sai ƙetare, wasa 41 gaba ɗaya, a rufe a Brazil cikin Nuwamba.

To bawana, ka san inda na dosa. Gwaggo ta faɗa min har yau kai da Yaya ba ku ga-maciji kan maganar shagon nan, in ya shigo ta ƙofa kai ka fita ta baya. Abin yana damunta, ni ma yana hana ni barci. Ba ka fasa masa jita ba, bai ce maka dankali ba, me ya yi zafi? Na san Muharram ya kusa fita ban aiko maka kuɗin shara ba, kana ta ƙorafi wai ubangidanka ya yi rowa. Suna nan a ajiye, har da ƙari, amma ta hannun Yaya zan turo. Sai ka wanke ƙafa ka je gidansa ka karɓa, ku ci tuwo a kwano ɗaya, ku kira ni ta bidiyo in gani.

Ka gaida Gwaggo, ka ce maganin ƙafarta na tafe. In an samu mai zuwa, a haɗo min da yaji da kuka, daddawar kuma a naɗe ta sosai a leda biyu.

Ubangidanka,
ɗan Kawu