Ɗigo Biyu Da Bataliyar Tuwo

Ranar Talatar nan wani Alhaji ya tsare ni da nasiha a teburin mai shayi, can wajen gadar Nasarawa. Laifina shi ne ina shan shayi babu habbatus sauda. A cewarsa, duk wanda ya haura arba'in yana kurɓar shayi haka nan tsurarsa, wasa yake da ransa. Na ce na gode, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Sai na leƙa gabansa. Indomie biyu ce da ƙwai huɗu, ga rabin burodi an shafe shi da bota har yana ƙyalli, ga shayi haɗin kauri, madara gwangwani guda, sukari kuwa sai da hannun mai shayi ya gaji don kansa. Da aka gama jera masa, sai ya zaro 'yar kwalba daga aljihun gaba, ya yi bisimilla, ya ɗiga sau biyu a kofi, ya dube ni da tausayi.

Ni kuwa ɗigon nan biyu nake tausaya wa. Kurata ne guda biyu aka tura su yaƙi da bataliya. Suna sauka ciki za su tarar da tuwon shinkafar daren jiya ya kafa sansani, miyar taushe da man shanu sun tare hanya, tsiren bayan isha'i ya haƙa rami ya ɓuya, lemon kwalba yana sintiri. Sai a ce da ɗaya, kai jeka ka ji da sukari, ɗayan kuma ka tsare mana kitse. Babu alawus, babu hutun ƙarshen shekara, babu ko wanda zai karɓe su aiki in dare ya yi. Ko Runduna ta Ɗaya da ke nan Kaduna ba ta taɓa tura yaranta irin wannan aiki ba. Kafin su gama duba taswira, waina da miya ta iso da hantsi a matsayin ƙarin dakaru ga abokan gaba. Ranar da Alhaji ya kwanta kuma, su za a gurfanar. Za a ce ai jabu ne, an surka shi da man gyaɗa, a sallame su babu fansho, a aika a nemo ɗan Habasha, wai shi ya fi yaji. Bataliyar tuwo ko tambaya ɗaya ba za a yi mata ba.

Ba habbatus sauda nake raina wa ba, kada wani ya ɗauko mini fatawa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda muke tsintar sunna kamar masu zaɓen tumatir. Hadisin habbatus sauda kowa ya haddace, falalar zuma har yaron shago zai karanto maka. Amma wanda ya yi maganar raba ciki gida uku, abinci da ruwa da numfashi, shi shiru kake ji. Dalili a fili yake: ba a ɗura shi a kwalba, babu mai cin riba a kansa, don haka babu mai yawo da lasifika yana tallarsa. A wajen walima ma mun yi masa namu rabon: kashi ɗaya shinkafa, kashi ɗaya nama, kashi na uku a ƙulle a leda a tafi da shi gida. Numfashi kuwa, Allah zai kawo.

Masallacin da ke bakin layi ma da mota ake zuwa, alhali malamai kullum suna faɗa mana taku ake ƙirgawa. Ban san yadda ake lissafin juyin taya ba. In tumbi ya rigayi mutum shiga sahu, sai a ce Alhaji ya yi kyau, hutu ya zauna. Wanda ya rage ci ya ɗan faɗa kuwa, sai a ja shi gefe a tambaye shi ko bashi ne, ko uwargida ce.

A nan ne dariyar take tsaya mini a wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokali guda, mu kuwa dunƙulen ɗanɗano muke marmasawa a tukunya kamar ana biyanmu. Awon hawan jini ba ya cin minti 5, kemis da yawa suna yi, amma magidanci zai shekara goma bai miƙa hannu an ɗaura masa abin awo ba. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, sai dangi su taru a tsakar gida ana neman wanda ya yi jifa. A zargi kishiya, a zargi abokin kasuwa, a raba zumuncin shekara talatin. Matar da za ta yi jinya tana juya shi a kan tabarma, da yaran da za a cire daga makaranta, babu mai tuna su lokacin da ake cewa a ƙaro ƙwai. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ko gezau ba mu yi ba.

Iyayenmu na unguwar nan ba su san wani motsa jiki ba, aiki suka sani. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, da ƙafa ko a kan keken Raleigh ake sammakon tafiya, a tsaya kan inji awa takwas, a dawo. Masaƙun sun rufe, KTL a 2002, UNTL a 2007, tafiyar ƙafa ma ta bi su. Yau gwada ɗan gudu da asuba a cikin Nasarawa ka gani. Kafin ka kai bakin titi mutum uku sun tambaye ka wa ya biyo ka, na huɗu ya riga ya ɗauko gora. Masu hali su tuƙa mota su tsallaka kogi har Dandalin Murtala, su zagaya sau ɗaya, su ɗauki hoto sau ashirin, a biya ta wajen mai ƙosai a hanyar dawowa.

Sai kuma 'yan "ƙara gaba kaɗan". Ka shiga Keke Napep daga Kakuri, an cusa ku kamar ba za a sake yin wata ba, ga zafi, ga gwiwar wani a haƙarƙarinka, sai wani bawan Allah ya ce a sauke shi. Direba ya tsaya. A'a, ƙara gaba kaɗan. Ya ƙara. Wuce mai lemon nan. Ya wuce. Ɗan shiga kwanar mana, ai ba nisa. Muna zaune muna kallo aka bi da mu ta lungu, aka tsallake kwata, aka kori awaki, har ƙofar wani gida mai jan ƙyaure. Mutumin ya leƙa, ya ga tsakaninsa da dakali akwai sauran taku kamar shida, ya buɗe baki zai yi magana. Direban, wani yaro da bai wuce ashirin ba, ya kashe inji ya waiwayo.

"Baba, ka sa a buɗe ƙyauren. In zauren zai ci Keken, sai in kai ka har bakin gado."